Yadda ake gano ciwon da ƙwayoyin cuta ke jawo wa ƙofofin zuciya, da yadda ake maganinsa

Cikin zuciyar ɗan Adam lulluɓe yake da wani siririn tantani, wanda kuma shi ne ya lulluɓe ƙofofinta guda 4 da ke hana jini komawa baya. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini suka tarar da ƙofar da ta riga ta samu rauni, sai su maƙale a jikinta, su cuɗe da guntayen jinin da ya daskare, su yi wani curi mai kama da tsiro. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira endokadaitis, kuma idan aka bar shi ba magani, kisa yake yi.

Matakin farko shi ne a yi zargin ciwon. Duk wanda zazzaɓi ya ƙi sakinsa tsawon makonni, ga gumin dare da kasala da rama, to a tambayi tarihinsa da kyau. Waɗanda suka fi fuskantar haɗari su ne masu ƙofar zuciya ta roba ko ta ƙarfe, da waɗanda zazzaɓin rumatik, wato wanda kan biyo bayan ciwon maƙogwaro, ya lalata wa ƙofa tun suna yara, da waɗanda aka haifa da nakasar zuciya, da masu wankin ƙoda, da masu yi wa kansu allurar miyagun ƙwayoyi. Bayan haka sai likita ya saurari ƙirji ko zai ji sabon sautin shuu a tsakanin bugun zuciya, sannan ya duba hannuwa a natse, domin wani lokaci akan ga siraran layukan jini a ƙarƙashin farce kamar sartse, ko jajayen tabo marasa zafi a tafin hannu da tafin ƙafa, ko ƙananan ƙuraje masu zogi a kan yatsu.

Mataki na biyu shi ne mafi muhimmanci a ganina, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Dole ne a ɗebi jini a kai ɗakin gwaji domin a reni ƙwayar cutar a gane ta, kuma a yi hakan kafin majinyaci ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ko da ƙwaya ɗaya ce. Ana ɗiba sau 3 daga jijiyoyi daban-daban, da tazarar kamar minti 30 a tsakani, kowace kwalba a zuba mata mililita 10, bayan an goge fata sosai don kada ƙwayoyin da ke saman fata su gurɓata sakamakon. Abin takaici shi ne da yawa sukan zo asibiti bayan sun sha magunguna barkatai bisa zaton wani zazzaɓin ne daban, wanda hakan ke danne ƙwayar ba tare da ya kashe ta ba, sai gwaji ya fito babu komai, likita ya koma zaɓen magani a makance tsawon makonni. Ƙwayar da aka fi samu a yau ita ce Staphylococcus aureus, sai dangin Streptococcus da ke zaune a baki, sai Enterococcus.

Sai hoton zuciya na eko, wato hoton da na'ura ke ɗauka ta hanyar amsa-kuwwar sauti, wanda ake fara ɗauka ta saman ƙirji. Idan bai nuna komai ba alhali zargin na da ƙarfi, ko kuma ƙofar ta roba ce, sai a zura na'urar ta baki zuwa cikin bututun da abinci ke bi, domin daga nan ana ganin zuciya daga kusa. Ana haɗa sakamakon duka a auna shi da ma'aunin Duke, wato jerin manya da ƙananan alamomin ciwon, wanda aka fitar a 1994, aka yi masa gyara a 2000 da 2023: manyan alamomi 2, ko babba 1 da ƙanana 3, ko ƙanana 5 sun isa tabbatar da ciwon.

Magani kuwa na allura ta jijiya ne, mai ƙarfi, na tsawon mako 4 zuwa 6, domin jini ba ya ratsa cikin curin nan yadda garkuwar jiki za ta kai ga ƙwayoyin. Streptococcus kan ji penisilin ko seftriyakson, Staphylococcus kuma ana ba shi fulukuloksasilin ko sefazolin, idan ya bijire wa waɗannan sai a koma ga bankomaisin. Ana fara ƙirga kwanakin ne daga ranar da gwajin jini ya fara fitowa babu ƙwaya. Zazzaɓi kan sauka cikin mako guda, kuma a lokacin ne majinyaci ke ganin ya warke ya nemi sallama. Bai kamata a yarda a katse maganin ba, domin dawowar ciwon ta fi zuwansa na farko wahalar sha'ani.

A duk tsawon jinyar ana sa ido kan numfashi, da aikin ƙoda, da gwajin wutar zuciya, domin jinkirin da ya bayyana a cikinsa kan nuna mugunya ta taru a gindin ƙofar. Kusan rabin majinyata kan buƙaci tiyata don gyara ƙofar ko sauya ta, musamman idan zuciya ta fara gazawa, ko ƙwayar ta ƙi mutuwa, ko curin ya wuce milimita 10 har wani yanki nasa ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Wanda ya warke ya shiga sahun masu babban haɗari har ƙarshen rayuwarsa. Wajibi ne ya kula da tsabtar haƙora da dasashi, ya sanar da likitan haƙori tarihinsa domin a ba shi giram 2 na amoksisilin minti 30 zuwa 60 kafin aikin da zai taɓa dasashi, kuma duk ranar da zazzaɓi ya sake kama shi ba tare da sanannen dalili ba, ya nemi a ɗebi jininsa kafin ya sha kowane magani.