Yadda ake fitar da ƙiyasin yawan jama'ar Najeriya kowace shekara

Adadin da ake sanarwa duk shekara lissafi ne da aka ɗora a kan ƙidaya ta ƙarshe. A Najeriya ita ce ta watan Maris 2006, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ce ta samu mutum 140,431,790.

Aikin farko shi ne gyara wannan tushe. Mutane da yawa ba su san shekarunsu daidai ba, sai su ce 30 ko 45, don haka shekarun da suka ƙare da sifili ko biyar sukan cika fiye da kima, na kusa da su kuma su ragu. Ana daidaita wannan, a cike giɓin jarirai da aka tsallake, sannan a matsar da adadin zuwa 1 ga Yuli, tsakiyar shekara.

Daga nan sai a raba maza da mata gwargwadon shekaru. Kowace shekara a ƙara wa kowa shekara ɗaya, a cire waɗanda suka rasu, a ƙara jarirai, a haɗa da bambancin masu shigowa da masu fita.

Rajistar haihuwa ba ta isa a dogara da ita ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Shi ya sa ake ɗaukar ƙimar haihuwar mata masu shekara 15 zuwa 49 daga irin wannan binciken. Matsakaicin 'ya'yan mace ɗaya ya sauka daga 5.7 a 2008 zuwa 5.3 a 2018. Wanda ya bar tsohon adadi a lissafinsa zai fitar da yara fiye da waɗanda aka haifa. Ƙimar mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, 132 cikin dubu a 2018, ita ma daga wannan binciken take fitowa, ta manya kuwa sau da yawa daga jadawalin misali na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke ƙiyasta yawan mace-mace gwargwadon shekaru.

Ƙaura ce ta fi wuya, musamman a matakin jiha. Rikicin Boko Haram ya kai mutanen ƙauyukan Borno Maiduguri, wasu Diffa a Nijar, wasu sansanin Minawao a Kamaru. Lissafin da ya taso daga 2006 bai ga wannan ba sai an shigar da shi da hannu.

Gajeriyar hanya, wato ninka jimla da ƙarin kashi 3.2 cikin ɗari kowace shekara, tana ba da adadi da sauri, amma ba ta faɗin yara nawa za su shiga aji ɗaya baɗi.