Yadda na gyara karkatar zarton tebur ɗina

Watanni na yi ina fama. In na saita zarton a digiri 45, kafin in gama yanka katako biyu ya sauka zuwa 43, kusurwoyin firam su ƙi haɗuwa. Na share garin katako, na sa giris, na ƙara ɗaure makullin. Duk a banza.

Da na cire filogi na kifa injin, sai na ga ashe bushi, wato zoben robar da ke riƙe sandar da ake juyawa don karkatar da zarton, shi ne ya cinye, sandar tana lilo a ciki.

Kaurin sandar milimita 12 ne. Na zana sabon bushin a FreeCAD, manhajar zane a kwamfuta, ramin milimita 12.2, na buga a na'urar 3D, wadda ke ƙera abu da narkakkiyar roba layi bisa layi. Na farko da robar da ake kira PLA na yi, ina ɗaure noti ya tsage. Na koma PETG, wata robar da ba ta saurin tsagewa, ciko 100% (wato cikinsa a cike taf), kaurin layi milimita 0.2, na buga shi a tsaye don ramin ya fito da'ira sosai. Na ƙara da babban hannun juyawa, domin ƙaramin yana sa mutum ya zarce.

Daga nan na daidaita sukurorin tsayawa na 90 da 45 da sukwaya. Yanka goma, bai motsa ba. Alhamdulillahi, na gode wa maƙwabcin da ya ara mini na'urar.