Yadda za ku karɓi alherin ubangida ba tare da ya mai da fadarku sojojinsa ba

'Yan fada, wato masu zaman shayi na unguwa, na Tawa a Nijar ku matso kusa. Rikici na kewaye da mu, ga Mali ga bakin iyakar Najeriya, ba mu manta mutum 137 da anka kashe yankin Tillia a Maris 2021 ba, kuma a irin wannan lokaci masu kuɗi da manyan siyasa ne ke riƙe unguwa, buhun hatsi da azumi, kuɗin magani, aikin gadi ga ƙanenka. An rushe jam'iyyu a 2025 amma iyayen gida ba su tahi ko'ina ba. Ni ban ce ku ƙi karɓa ba, wa ke ƙin hatsi cikin tsadar nan? Sai dai karɓa ma iyawa ce.

Kafin komai ku tambayi kanku mi Alhaji ke saye. Ku dubi Tarabulus ta Lebanon, birni na biyu a ƙasar, mafi yawansu 'yan Sunni ne, garin attajiri Najib Mikati da ya riƙe firaminista sau uku, amma talauci ya yi katutu. Can akwai unguwar Bab al-Tabbaneh ta 'yan Sunni da Jabal Mohsen ta Alawiyyawa, wani reshe na Shi'a, titi guda ya raba su, sunan titin ma Siriya. Daga 2008 sun yi ta harbin juna, da yaƙin Siriya ya tashi a 2011 abin ya ƙara muni, kuma an sha zargin manyan 'yan siyasa da ba shugabannin samarin unguwa kuɗi a ɓoye. A 2014 da manyan sunka daidaita sunka kafa gwamnatin firaminista Tammam Salam, soja ya shiga a watan Afrilu, faɗa ya lafa kusan nan take, wasu shugabannin samarin sunka ƙare a kaso, manya kuwa suna kan kujerunsu. To wa ke kunna wutar, wa ke kashe ta?

Don haka kada ku yarda mutum guda ya zama shi kaɗai ke zuwa gidan Alhaji da sunanku. Ku tahi ku uku ko huɗu, abin da anka bayar a ƙirga shi gaban kowa wajen shayi, a rubuta. Wanda ke karɓo ambulan shi kaɗai, gobe shi za a kira da dare a ce ya tara yara.

Ku roƙi abin da ba ya tashi in mai shi ya yi fushi: fanfo, rufin aji, keken ɗinki, kuɗin koyon walda. Saad Hariri ya gaji gidan siyasar Sunni mafi girma a Lebanon bayan kashe mahaifinsa Rafik a 2005, kamfaninsu Saudi Oger ya durƙushe a 2017 ma'aikata na bin albashi, a Janairu 2022 ya jingine siyasa. Mai cin albashin biyayya ya tashi a tutar babu, wanda Rafik ya biya wa karatu kuwa digirinsa na hannunsa.

Masallaci kuma a bar shi gefe. Ya sayi tabarmi ko sola, Allah ya saka, amma in ya fara zaɓa wa liman huɗuba ko ana nuna wancan ɗan Izala ne wancan ɗan ɗariƙa ne, ku sanar da mai unguwa tun ranar. Kuma kada ƙofarku ta zama guda, ku riƙe limamin da sarki da 'yan kasuwa har da ƙungiyar mata masu adashi.

Ranar da anka ce ku fito kan titi ko ku je ku tsorata baƙi 'yan gudun hijira, ku ce to Alhaji, ɗanka zai shige gaba? In ya ce yaron na karatu Yamai, ku koma ku ɗora shayinku.