Yadda za ka daina mutuwa a hawa na biyu a Enter the Gungeon

Ƙanena ne ya fara ajiye wasan bidiyon nan Enter the Gungeon. Ya yi kwana uku yana bugawa, ya dawo ya ce min, “Yaya, wannan wasan zalunci ne, sa'a kawai ake nema a cikinsa.” Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Tun da Enter the Gungeon ya fito a watan Afrilun 2016, daga hannun ƙaramin kamfanin Dodge Roll, masu wasa suka kasu biyu a kansa. Wasu na cewa makamai masu kyau ba sa fitowa sai an ci sa'a, kuma mutuwa ɗaya ta kwashe maka aikin minti arba'in. Wasu kuma na cewa duk harsashin da ya same ka, da idonka ka gan shi yana tahowa. Ni na daɗe a ɓangaren farko kafin in koma na biyu, kuma abin da ya sauya min ra'ayi shi nake son in bayyana a nan.

Ga wanda bai san irin wasan ba: gado biyu ya haɗa. Ɗaya daga wasan Rogue na 1980, inda ɗakuna ke sauya tsari duk lokacin da ka sake farawa, in ka mutu kuma sai ka koma tushe. Ɗayan daga wasannin harbi na Japan irin su DonPachi na 1995, waɗanda allo ke cika da harsasai har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Kana farawa da zuciya uku, wato ma'aunin ranka, kowane harbi ya ci rabin zuciya. Hawa biyar ake sauka kafin a kai ga babban dodon da ake kira Dragun.

Abu na farko, kuma mafi wuya, shi ne ka ɗauke idonka daga kan abokin gaba. Duk sabon ɗan wasa yana zuba wa wanda yake harbi ido, don yana son ya ga harbinsa ya samu. Nan ake cin mutum. Ka mayar da idonka kan ɗan filin da ke kewaye da kai, kamar faɗin tafin hannu a kan allo, ka bar gefen ido ya riƙa lura da inda maƙiyi yake. Saiti zai ɗan lalace a kwanakin farko, ba komai. Bindigar da ka fara da ita harsashinta ba ya ƙarewa, saboda haka harbin da ya kuskure bai rage ka da komai ba, amma rabin zuciyar da ta tafi ba lalle ka sake ganinta ba. Kuma ko a cikin wannan ɗan filin, kar ka kalli harsasan kansu. Ka nemi giɓin da ke tsakaninsu. Da na fara yin haka sai na lura cewa harsasan wannan wasa ba su da saurin da nake zato. Tsoro ne yake ƙara musu gudu.

Sai maganar birgima, wadda a kanta nake son in daɗe, domin ita ce ke kashe mutane fiye da kowane bos, wato babban maƙiyin da ke tsare ƙarshen kowane hawa. Wasan ya ba ka maɓalli guda da za ka yi tsalle ka birgima, kuma a farkon tsallen harsashi ba ya taɓa ka. Matsalar ita ce kariyar ba ta kai ƙarshen birgimar ba. Lokacin da kake sauka, jikinka a buɗe yake, kuma ba za ka iya sauya hanya ba tun da ka riga ka tashi. Don haka wanda ya firgita ya danna maɓallin ba tare da ya duba inda zai sauka ba, sau da yawa ya tsere wa harsashi ɗaya ne ya faɗa kan uku. Na yi makonni ina wannan kuskuren, ina ganin laifin wasan.

Ƙa'idar da na kafa wa kaina ita ce: in tafiya za ta fitar da ni, ba na birgima. Yawancin harsasai ɗan matsawa gefe kaɗan ya ishe su. Sai in hanya ta toshe gaba ɗaya, kamar lokacin da zoben harsasai ya taho babu giɓi, sannan in yi tsalle. Kuma in zan yi, cikin harsasan nake faɗawa, wato ta inda suke tahowa, ba bayana ba. Wannan ya saɓa wa abin da jiki ke so, amma ka yi tunani: in ka yi baya, kai da harsashin hanya ɗaya kuke bi, zai tarar da kai daidai lokacin da kariyarka ta ƙare. In ka yi gaba, kun wuce juna cikin ƙiftawar ido, ka sauka a filin da ya riga ya share. Don ka saba, ka shiga hawa na farko sau biyu ko uku da niyyar ba za ka taɓa maɓallin birgima ba sai a ɗakin bos. Za ka sha harbi da farko, amma ƙafarka za ta koyi aikinta.

Kar ka tsaya a tsakiyar ɗaki, kar kuma ka maƙale a lungu. Ka riƙa zagaye a hankali ta gefen bango, ta yadda maƙiya za su taru a gefe guda. Tebura ana kifar da su a fake a bayansu, ginshiƙai ma suna tare harbi.

Akwai wani abu da wasan ke kira Blank, wanda in ka fasa shi yake share duk harsasan da ke ɗakin. A farkon kowane hawa, in naka ba su kai biyu ba, ana cika maka su zuwa biyu. Ma'anar wannan ita ce wanda ya sauka hawa na gaba da guda biyu a aljihu bai adana komai ba, asararsu ya yi. Na ga mutane da yawa sun mutu da su a hannu suna jiran lokacin da ya fi dacewa. Ka ajiye su don ɗakin bos, kuma a can ka fasa da zarar ka ji ka rikice, kar ka jira sai harsashi ya kusa taɓa ka.

Dalilin ajiye su don bos yana da girma. In ka kashe bos na hawa ba tare da ya taɓa ka ko sau ɗaya ba, ana ba ka wani harsashi na musamman mai suna Master Round, wanda ke ƙara maka zuciya guda cikakkiya har ƙarshen wannan zagayen, wato har ka mutu ko ka gama. Fasa Blank ba ya hana ka samunsa. A ganina nan ne asirin wasan yake. Masu cewa sa'a ce suna kallon akwatunan da ake samun makamai a ciki, alhali babbar kyautar da ke cikin wasan tana hannun wanda ya iya kaucewa. Wanda ya shiga hawa na uku da zuciya biyar, wasa daban yake yi da wanda ya shiga da uku.

Shi ya sa nake cewa ka mayar da hawa na farko makarantarka. Bos uku ne ke fitowa a can, ɗaya a kowane zagaye: Bullet King a kan karagarsa, Gatling Gull mai babbar bindiga, da tagwayen nan Trigger Twins. Kowannensu salon harinsa ƙidayayye ne, kuma yana nuna alama kafin ya saki. Gatling Gull in ya fara feshi, ka yi nisa da shi ka riƙa zagaye, domin daga nesa harsasan suna bajewa su bar giɓi. Tagwayen kuwa, in ka kashe ɗaya, ɗayan yana harzuƙa ya ƙara zafi, saboda haka ka riƙa rage musu ƙarfi tare, ta yadda na biyun ba zai daɗe a fusace ba. Duk lokacin da aka harbe ka, ka tambayi kanka wane hari ne, kuma a ina kake tsaye. In ba za ka iya amsawa ba, idonka ba ya inda ya kamata.

A hawa na biyu akwai macijin nan Ammoconda, kuma a kansa ina tare da masu ƙorafi. Tafiyarsa ba ta da tsari sosai, yana iya juyowa kanka ba zato, ga kuma ƙananan abubuwan da yake bari suna harbi, in ya haɗiye su ya ƙara ƙarfi. Abin da ya taimake ni shi ne in fasa waɗannan tun kafin ya kai gare su, in kuma ƙi yarda ya matse ni a bango. Duk da haka har yau shi ne bos ɗin da na fi rasa Master Round a hannunsa.

Maganar kaya ba ta da yawa. Makulli ya fi kusan komai daraja a shagon Bello, mai kantin da ke cikin wasan, don haka shi za ka fara saya. Akwatuna launi-launi ne, daga ruwan ƙasa, shuɗi, kore, ja, har baƙi wanda ya fi duka; in makullinka ɗaya ne, ka zagaye hawan duka kafin ka zaɓi wanda za ka buɗe. Ka share ɗakunan hawa na farko da bindigarka ta asali, ka tanadi mai ƙarfi don bos. Akwatin harsashi kuwa in ya faɗo, ka riƙe bindigar da kake son cikawa sannan ka ɗauka nan take, domin in ka fita ka bar shi, ɓeran wasan zai sace.

Gaskiya ne a shekarun farko wasan ya fi rowa. Sabuntawar da aka yi masa a 2018 ta sassauta wannan, kaya suka ƙara fitowa, shi ya sa wasu tsofaffin ƙorafe-ƙorafen ba su dace da wasan da za ka buga yau ba. Cikin mutum huɗun da ake farawa da su, ina ba sabon shiga shawarar ya ɗauki Marine, don yana zuwa da sulke guda kuma bindigarsa tana da saiti, ko Hunter mai kwari da baka da karen da ke tono kaya.

Na ƙarshe, ka san lokacin tashi. In ka mutu sau biyu a jere cikin fushi, zagaye na uku ba zai koya maka komai ba, don hannu ya riga ya yi tauri kuma birgimar firgita ta dawo. Ƙanena ya koma wasan bayan na zauna kusa da shi na hana shi taɓa maɓallin birgima na tsawon yamma guda. Bai kai ga Dragun ba tukuna. Amma makon jiya ya kira ni ya ce ya kashe Gatling Gull ba a taɓa shi ba, kuma yanzu Ammoconda yake nema.