Yadda ake sauya wa motar haɗin gida inji, daga fetur zuwa gazuwal

Motar da muka haɗa ni da ƙanena a garejinmu na Garwa, a arewacin Kamaru, asalinta shasin tsohuwar Hilux ce da ta yi hatsari. Kwanon ya tashi daga aiki, amma shasin lafiya lau. Muka yanka bututu da faifan ƙarfe muka yi mata jiki, muka bar mata injinta na fetur, 4Y mai lita 2.2. Shekara biyu tana kai mu gona a bakin Binuwai, tana dawo da masara da albasa. Shan mai ne ya ishe mu, ga zuwa-zuwa, man kwalba na bakin titi, yana yawan toshe mana kabireta. Sai muka ɗora mata 3L, injin gazuwal, wato dizal, na Toyota mai lita 2.8. Ga yadda aikin yake, ga wanda zai bi sahunmu.

Da farko ka san abin da kake nema. 3L ba injin gudu ba ne. Ƙarfinsa wajen doki 90 ne, bai ɗara na 4Y da wani abin kirki ba. Amfaninsa ja ne tun yana ƙasa-ƙasa, cikin yashi ko a hawan dutsen hanyar Ngaundare da kaya a baya, sannan ga sauƙin shan mai. In tsere kake so, nemi wani. Kada kuma a ruɗe ka da 1HZ na Land Cruiser mai silinda shida da lita 4.2. Inji ne na gaske, amma tsawonsa da nauyinsa sun fi ƙarfin ƙaramin shasi.

Kafin ka taɓa aljihu, ɗauki tef ka auna ɗakin injin: tsawo daga bangon da ke gaban direba zuwa lagireto, faɗi tsakanin ƙarafan shasi biyu, tsayi daga gindi zuwa murfi. Rubuta a takarda ka tafi da ita kasuwa. Ka lura musamman da kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, domin wani tumbinsa a gaba yake, wani a baya, gwargwadon motar da aka ciro shi. In tumbin ya faɗo daidai kan gatarin gaba ko sandar sitiyari, rami ɗaya ya isa ya fasa shi.

A wajen saye ne aka fi yin asara. Injunan da ake kawowa ta tashar Duwala, ko waɗanda ke shigowa daga Najeriya, duk a wanke suke suna ƙyalli, kuma wanka ba ya nuna lafiya. Ka ce a tayar maka da shi a ƙasa, da sanyin safiya, kafin kowa ya ɗumama shi. Lafiyayyen inji zai kama nan da nan, hayaƙin ya washe cikin ɗan lokaci. Yana cikin aiki ka buɗe murfin baƙin mai ka ɗora shi a kan bakin ba tare da ka murɗa ba. In yana ɗan rawa a wurinsa, babu laifi. In hayaƙi na tunkuɗe shi yana tsalle, rin da fistin sun gaji. In ka ga man ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga, bar shi nan.

Shawarar da na fi nanatawa ita ce ka sayi injin da giyabos ɗinsa da dukkan tarkacensa: kik, altaneta, kulaci, matatar mai da famfonta na hannu, ƙafafun inji. Kwaryar da ke haɗa 4Y da giya ba ta zama a bayan 3L. Wanda ya sayi inji tsirara don rangwame, zai ƙare makonni yana yawon neman ƙananan abubuwa ɗaya-ɗaya, kuɗin kuma ya zarce.

Cire tsohon ba wuya. Cire batir tukuna, tsiyaye ruwa da mai, ɗaura wa kowace waya alama, ka ɗaga shi da sarƙa a kan ƙarfe mai ƙafa uku, ba reshen darbejiya ba. Kada kowa ya shiga ƙasa inji yana lilo.

Tun sabon yana ƙasa, inda hannu ke kaiwa ko'ina, canja bel ɗin tayimin da tayoyinsa da famfon ruwa. Ƙa'idar bel ɗin nan kilomita 100,000 ce, kai kuma ba ka san nawa ya ci ba. In ya tsinke, fistin zai doki bawul. Sa sabon faifan kulaci a lokaci guda.

Yanzu zaman inji. Sauke shi da giyarsa a hankali, ka tallafe shi da jak da katako har ya zauna a tsakiya, bakin giya yana kallon difaranshiyal sak. Yanka kwali ka fitar da siffar ƙafafun, sannan a yanka su a ƙarfe mai kauri. Mai walda ya ɗiga kawai, kada ya ƙone gaba ɗaya. Rufe murfi, juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, zura hannu ko'ina ka tabbatar akwai ratar yatsu biyu, domin gazuwal yana jijjiga fiye da fetur. Sai komai ya yi daidai a cire injin a yi waldar ƙarshe. Injin ya zauna a kan roba, ba ƙarfe kan ƙarfe ba. In farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa difaranshiyal, ta yi tsawo ko ta gaza, kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yanka ya daidaita. Wadda aka haɗa da ido tana kaɗa mota, tana cin giya.

Sauke tanki ka wanke shi, kada fetur ya saura. Gazuwal yana bukatar bututu biyu, na zuwa da na komawa. Wayar da take kai wa kwayil wuta a da, ita za ka kai kan ɗan makunnin da ke jikin famfon inji, wanda ke yanke mai in ka kashe makulli. Bujin ɗumama inji kuwa, duba lambar da ke jikinsu. Akwai masu ɗaukar wuta bolt 11, akwai masu bolt 6, kuma waɗannan na biyu ƙonewa suke in ka ba su wutar batir kai tsaye. Nemo batir babba da wayoyi masu kauri.

Birki shi ne abin da ya kusa cin mu. Injin fetur da kansa yake zuƙo iskar da ke sassauta birki. Gazuwal ba ya yin haka, shi ya sa 3L ke da ɗan famfon zuƙo iska a bayan altaneta. Wanda ya sayar mana ya musanya altanetar da wata marar famfo, mu kuma ba mu lura ba. Ranar gwaji ƙanena ya fita da ita daga gareji, ya taka birki ya ji kamar dutse. Na ji ya ƙwala kira, "Yaya, ba ta tsayawa!" Ga yara suna ƙwallo a bakin layi. Da birkin hannu da giya ya tsayar da ita, ya fito hannunsa na rawa. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Kafin mota ta motsa, tayar da inji, taka birki, ka ji ya yi laushi ya nutsa kaɗan. Tunda gaba ya ƙara nauyi, duba sifirin da shokazoba su ma.

Sai sanyaya. A Garwa da Marwa zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, kuma kan silindar waɗannan injuna yana tsagewa in ya tafasa. Sa lagireton motar gazuwal, ka yi wa fanka rumfa don ta ja iska ta cikinsa, ka haɗa agogon zafi mai aiki. Kada ka yarda a cire maka tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji. Bakin shan iska kuma ka ɗaga shi sama, nesa da taya, saboda ƙurar hunturu.

Wajen tayarwar farko, danna famfon hannu na kan matata har ya yi tauri. Sassauta notocin bututun nozul da sifana 17, buga kik har mai ya fito ba kumfa, ka nisanta hannunka da feshin, sannan ka ɗaure. Da ya kama, idonka a kan fitilar baƙin mai. In ba ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan ba, kashe shi. Bar shi ya ɗumama, duba yoyo, zagaya unguwa ba kaya, dawo ka sake ɗaure kowane noti.

Ajiye rasidin injin mai ɗauke da lambarsa. Kartigiris ɗinka, wato takardar rajistar mota, tana cewa fetur, motar kuma yanzu gazuwal take sha, don haka je ofishin sufuri a gyara takardar, ka kai ta wajen duba lafiyar mota, ka sanar da masu inshora, kafin ka hau babbar hanya.