Kurakuran da mawaƙi ke yi a wasan kabare da jaz na Latin

Kuskuren da makaɗan Kyuba ba sa yafewa shi ne saɓa wa kilabe. Kilabe bugu biyar ne da ake yi da 'yan sanduna biyu, uku a gefe guda, biyu a ɗaya gefen, kuma a kansa kiɗan gaba ɗaya yake tsaye. Waƙa ko dai ta fara da gefen uku, ko da gefen biyu. Mawaƙin da ya tsara waƙarsa shi kaɗai da jita a ɗaki, sau da yawa bai taɓa tambayar kansa ta wane gefe take ba. Sai ranar wasa ka ga mai konga ya ɗaure fuska, baiti ya yi gabas, ganga ta yi yamma. Gyaran tun kafin bita ake yinsa: ka riƙa tafa kilabe da hannu kana rera baitin, ka gwada gefen duka biyu. Wanda kalmomin suka zauna a kai ba tare da tilas ba, shi ne nata. Ka rubuta shi a saman takardar kowane makaɗi.

Akwai kuma masu jiran mai bes, wato babbar jita mai kaurin murya, ya nuna musu farkon bugu. A salon tumbawo, wato yadda ake kaɗa bes a kiɗan Kyuba, ba ya nunawa, riga bugun yake yi da gangan, sai ya bar wurin fayau. Ƙirga yana kanka, ko da ɗan taka ƙafa ne.

Wanda ya fi damuna shi ne haɗa Kyuba da Birazil wuri guda da sunan "Latin". Jaz ɗin Kyuba a New York ya girma a shekarun 1940, a hannun Mario Bauzá da Machito, sannan Dizzy Gillespie da Chano Pozo a 1947. Bosa noba kuwa daga birnin Riyo na Birazil ta fito a ƙarshen shekarun 1950, kuma João Gilberto kamar raɗa yake rera ta. In ka ɗora mata ƙarar gangunan timbale na Kyuba, ka kashe ta. Kafin ka ce wa makaɗa su tashi, ka faɗa musu salon da sunansa.

Kabare shi ma yana da nasa hali. Tun daga Le Chat Noir da aka buɗe a birnin Paris a 1881, wasa ne na ƙaramin ɗaki, mutane a kan tebura dab da kai, suna ganin gumin goshinka. Kada ka buɗe murya kamar kana filin ƙwallo. Ka matso da makirufo, ka sassauta, ka bari kalma ta fita. Kada kuma ka rufe ido daga farko har ƙarshe. Maganar da ake yi tsakanin waƙoƙi a shirya ta kamar yadda ake shirya waƙar: jimla biyu ko uku kan abin da ya haifar da ita sun isa, dogon bayani yana sanyaya ɗaki.

Idan an shiga montuno, inda fiyano ke maimaita zagaye guda, mawaƙa da yawa sai su ci gaba da rera komai su kaɗai. Wurin amshi ne, irin na 'yan amshin makaɗanmu. Ka tanadi gajeren layi da za a iya kamawa a ji ɗaya, ka ba makaɗa su fara, ka miƙa wa masu tebura, kai kuma ka riƙa jefa naka a tsakani.