Yadda Mai Ƙirƙira Zai Yi Rajistar Fasaharsa Kafin Wani Ya Riga Shi

Makanikin da ya shafe shekara biyu yana gyaran injin ɓarar gyaɗa har ya gano yadda ƙwaya za ta fita ba tare da ta farfashe ba, abin da ransa zai fara raya masa shi ne ya ɗauki bidiyo ya sa a Facebook. Wannan ɗokin yana iya raba shi da haƙƙinsa. Dokar Najeriya ta 1970 ba ta ba da takardar mallakar ƙirƙira, wato fatent, sai ga abin da yake sabo, wanda akwai hikima a cikinsa, kuma ana iya ƙera shi ko amfani da shi a sana'a. Da zarar bayaninsa ya fita ga jama'a a ko'ina a duniya, ta rubutu ko ta baki ko ta sayarwa, to ya daina zama sabo, ko da mai shi ne ya fitar da shi. Sassaucin da dokar ta yi shi ne nuna abin a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, cikin wata 6 kafin a shigar da takardu.

Saboda haka matakin farko shi ne kame baki. Ka tanadi littafi kana rubuta gwaje-gwajenka da zane da kwanan wata, kuma duk wanda zai ga aikin, mai walda ne ko mai son zuba jari, ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri. Kada kuma ka yi jinkiri, domin doka tana ba da haƙƙin ga wanda ya fara shigar da takardu, ko da wani ya riga shi yin tunanin.

Bayan haka sai bincike. Rumbunan bayanan fatent na Patentscope da Espacenet da Google Patents kyauta ne a intanet, kuma bincike a cikinsu zai iya nuna maka ko wani a Indiya ko Sin ya riga ka. A ganina nan ne ya fi cancantar a ɓata lokaci, saboda ofishin rajista da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko ƙirƙirar sabuwa ce. Mutum zai iya karɓar takardarsa da hatimi, daga baya wani ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a soke ta.

Takardun da za a shigar sun ƙunshi suna da adireshi, da cikakken bayanin ƙirƙirar tare da zane, da sashen da'awa, wato inda za ka fayyace abin da kake neman a kare maka, kuma kowace buƙata ƙirƙira ɗaya take ɗauka. Bayanin ya zama wanda ma'abucin sana'ar zai karanta ya ƙera abin. Da'awa kuwa ita ce kan iyakar gonarka: idan ka taƙaita ta har ka ambaci girman kowace ƙusa, mai kwaikwayo zai canza ƙusa ɗaya ya tsira, idan kuma ka faɗaɗa ta har ta haɗa da tsofaffin injuna, kotu za ta rushe ta. A nan kuɗin lauyan da ya san fannin ba asara ba ne. Wanda ba shi da hali yana iya tuntuɓar hukumar NOTAP, wadda ke taimaka wa masu ƙirƙira shigar da takardunsu.

Kariyar tana ɗaukar shekara 20 daga ranar shigarwa, amma sai ana biyan kuɗin shekara-shekara. Wanda ya makara yana da wata 6 ya biya tare da tara, in ba haka ba, kariyar ta faɗi. Ma'aikacin da ya yi ƙirƙirar a bakin aikinsa ya sani cewa haƙƙin yakan koma ga wanda ya ɗauke shi aiki. Idan sabon abin siffa ce ko ado, rajistar zane ta fi dacewa, shekara 5 ce ana sabunta ta sau biyu, sunan kaya kuma tambarin kasuwanci ne ke kare shi.

Fatent ɗin Najeriya ba ya tsallake iyaka, don haka injin da aka kare a Kano ana iya ƙera shi a Maraɗi ba tare da izininka ba. Yarjejeniyar Paris ta ba ka wata 12 daga ranar shigarwa ta farko ka nemi kariya a wasu ƙasashe da wannan kwanan watan. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, Gana da Sudan kuma suna cikin takwararta ARIPO da ke Harare, yayin da Najeriya ba ta cikin ko ɗaya daga cikinsu.